Maza masu rayuwa a kan taliyar leda da lemon kwalba: me awon asibiti ya nuna muku?

Ɗan Kantin Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yadi nake sayarwa, shekarata 46. Daga fitowar safe har magariba ba na ganin abincin gida. Da safe burodi da bota da shayi mai madarar gwangwani, da rana taliyar leda da ƙwai wajen mai shayi, in kora da lemo mai sanyi saboda zafin rumfa. Watan jiya jiri ya ɗebe ni ina auna wa wata mata shadda. A asibiti aka ce jinina 165/100, kitsen jini ya hau, sannan wani gwaji mai suna CRP ya nuna kumburi a jikina. Ni kuwa babu inda ya kumbura da zan nuna wa mutum. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Direban Kano zuwa Legas:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Mu abin da ya cinye mu shi ne lemon ƙara kuzari da biskit, don kada barci ya sace mutum a kan sitiyari. Abokin tafiyata bai kai hamsin ba ɓarin jikinsa ya shanye, yanzu 'ya'yansa ke ɗaga shi. Tun daga nan nake tafiya da gyaɗa da dabino da jarkar ruwa, in barci ya zo in faka in kwanta. Teɓata ta ragu har na ƙara wa bel huda.

Ma'aikacin jinya daga Zariya:
Alhaji, kumburin da ake nufi a bangon jijiyoyin jini yake, ido ba ya ganin sa, kuma ba ya ciwo. Sukari mai yawa da kitsen da aka sarrafa a masana'anta suna tara kitse a ciki, shi kuma kitsen teɓa yana sakin sinadarai masu ruruta wannan kumburi. Gishiri na ɗaga jini, jinin yana ƙuje bangon jijiya, kitse ya samu wurin liƙewa. Ranar da abin da ya taru ya fashe, jini ya daskare a wurin, shi ne bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Mu maza a ciki muke ajiye kitse, kuma ciwon zuciya yakan riske mu shekaru da dama kafin mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ka lissafa ƙullin ɗanɗanon da ke cikin taliya, da gishirin burodi, da dunƙulen miyar dare. A 2019 an yi gwaji a Amurka da mutum 20: mako biyu a kan abincin masana'anta, mako biyu a kan dafaffen abinci. A kan na masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 500 kullum ba tare da sun lura ba. Abu ɗaya dai: zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta na iya ɗaga CRP, don haka ka sake gwajin lokacin da kake garau. Maganin hawan jinin kuma kada ka ajiye shi don ka gyara ci.

Uwargida daga Maraɗi:
Maigidana ma haka aka ce masa. Dunƙule huɗu nake sa wa miyarmu, na mayar da shi ɗaya, na ƙara daddawa da tafarnuwa da citta. Da farko ya yi ta ƙorafi wai miya ta yi lami. Yanzu in ya ci abincin biki shi ke cewa gishiri ya yi yawa. Abincin rana kuwa a kula nake aika masa, dambun zogale ko wake da shinkafa.

Malamin firamare:
Hajiya, ba kowa ke da mai aiko masa da kula ba. Gwauro da ɗan ci-rani me za su yi? Kuma kada mu wanke namu na gargajiya tas. Kilishi da tsire gishiri ne jingim. A 2023 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta ƙaddamar da dokar da ta taƙaita mugun kitsen nan na masana'anta zuwa giram 2 cikin giram 100 na mai, amma wa ke duba kaskon bakin titi da ake maimaita mai har ya yi baƙi? Ni abin da aljihuna ya iya shi ne na bar lemo kwata-kwata, na koma fura da nono ba sukari, taliya kuma rabin ƙullin ɗanɗano nake cewa a sa.

Ɗan Kantin Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi magana da wata mai ɗanwake a bakin layinmu, za ta riƙa rage min mai da dunƙule. Malam na Zariya, na'urar awon jini ta gida da ake ɗaurawa a dantse, ana iya dogaro da ita? Kuma da wane lokaci ya fi kyau in riƙa aunawa?