Musayar Waƙa: Me Za Mu Faɗa wa Ɗan Takarar Kansila?

Baba Ɗanjuma mai kwakwa:
Assalamu alaikum. Hukumar zaɓe ta jihar Legas, LASIEC, ta tsayar da Asabar 12 ga Yuli 2025 don zaɓen ciyamomi da kansiloli. Fasta ta rufe mana bangon shago, ko katangar masallaci ba su ƙyale ba. Mai neman kansilan mazaɓarmu ya aiko cewa zai shigo zango ran Alhamis bayan la'asar. Mu haɗa baki kafin ya zo. Amsa-amo "wa" ne, wanda ya karya shi zai sayi goro.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai teku, Mai iko da ruwa.

Ina gaida zangon Badagry,
Maza da mata, 'yan'uwa.

Shekara talatin ina nan gaɓa,
Ina lodin kwakwa zuwa Arewa.

Fastar da na gani ta fi a ƙirga,
Mai hoton ko ba ya dawowa.

Ga wani nan tafe zai gaishe mu,
Da sabuwar hula da rantsuwa.

In ya zauna bisa tabarmarmu,
Da me za mu fara, Hausawa?

Hajiya Asabe mai banda:
Wa alaikumus salam. Baba, ku ba mata fili tukuna, mu ne a bakin wuta.

Baba na amsa, ina kwananku,
Tawa buƙatar tana kasuwa.

Da asuba masunta ke sauka,
Mu tare su ƙafa cikin ruwa.

Kwando biyar na saya ran Litinin,
Kafin azahar biyu na ruɓewa.

Babu ƙanƙara, ba wutar yin ta,
Sai ɓawon kwakwa nake hurawa.

Hayaƙi ya cinye idanuna,
Zare a allura ba na zurawa.

Mai rasit bai taɓa fashi ba,
Ko da ana ruwa da tsawa.

Amma ban ɗaki ɗaya na mata
Ya gagare su, shekara nawa?

Wanda na samu na ceta na banda shi na kai kasuwar Agbalata, can ma sai da aka yi mini tayin wulaƙanci don an ga ya yi laushi.

Nura ɗan acaɓa:
Inna, Allah ya mayar da alheri. Ni dai hanya ce tawa.

Hanyarmu in damina ta kankama,
Taɓo yakan kai ni har gwiwa.

Kwalbatinmu ya karye tun bara,
Katako muka sa muna tsallakawa.

Na kayar da tsohuwa da buhun gari,
Har yau kunyarta nake ji.

Yashi da rani, taɓo da damina,
Rabin abin da na samu na mai gyara.

Hajiya Asabe mai banda:
Ɗana, sau biyu ka karya. Goro biyu ke nan, kuma fari nake ci.

Nura ɗan acaɓa:
Na ɗauka, Inna. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kaina ba ya riƙe amsa-amo.

Alhaji Bala na Agege:
Ni daga nesa nake leƙe, amma ku bar ni in zuba muku ruwan sanyi. A zaɓen 2021 jam'iyya ɗaya ta kwashe kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya. Na biya gorona tun yanzu, da nawa amon zan yi.

Kuna lissafin dokin Rano,
An gama rabo tun kan ku farka,
Mai akwati ya san na ciki,
Ku kuna layi rana na dukan ka.

Ku dubi gabas, Ibeju-Lekki,
Matatar Ɗangote ta tashi sarai,
Titin gaɓa ya nufi Kalaba,
Manya ke yi, ba kansila ba dai.

Teku na cin gaɓa dare da rana,
Ta ci bishiya, ta ci kushewa,
Kansilan da ko ofis bai da shi,
Da wane hannu zai yi tarewa?

Malam Iro na makarantar allo:
Alhaji, rabin maganarku gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari. Titin Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700 na Tarayya ne, tare teku kuwa ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, wannan ba musu. Amma Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa abin da ke wuyanta: kasuwa, tashar mota, ban ɗakin jama'a, maƙabarta, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa, da sa hannu a firamare da kiwon lafiya. Duk kukan Hajiya da na Nura yana ciki. Sannan ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mu a Legas da ɗan ƙulli: 20 ne tsarin mulki ya sani, sauran 37 jiha ce ta ƙirƙiro su a 2003 zamanin Tinubu yana gwamna. Badagry ɗin nan uku aka yi ta, da Olorunda da Badagry ta Yamma. To a tambaye shi nawa ke isowa, nawa ke fita.

Alhaji kar ka kashe mana gwiwa,
Mai jin ƙishi ba ya raina garwa.

In ya ce zai ɗaure mana teku,
Mu ce masa sannu, sai wata zuwa.

In ya ce zai kawo matata,
Mu ba shi ruwa ya yi wucewa.

Mu tambaye shi abin hannunsa,
Wanda kunya ke iya kamawa.

Kwalbati ne, rumfa ce, alli ne,
Da rufin aji da ke zubarwa.

Na shiga ajin da yara ke zaune,
Kowa da kwano yana tarawa.

Zainabu 'yar tsallake:
Ina gaida iyayena. Ban saba sa baki cikin manya ba, amma a nan aka haife ni, tsallaken ruwa, Egun nake ji kamar Hausa. Abin da zan faɗa a gabana ya faru, da Yayata.

Baba ku yafe, ƙaramar cikinku
Ta zo da zancen haihuwa.

Daren Talata cikin damina,
Naƙuda ta kama Yaya Hauwa.

Ɗakin magani na nan kusa da mu,
Kwaɗo a ƙofa, ba kowa.

Nas ɗin kirki ce, ban zarge ta ba,
Ita ɗaya ce, da yamma take komawa.

Muka buga ƙofar wani masunci,
Ya fito da fitila yana hamma da tsuwa.

Ya ce injinsa ba mai a ciki,
Sai dai filafili, in kuna iyawa.

Matarsa ta ɗaura zani ta bi mu,
Ba ta tambayi ko mu su wa.

Kainuwa ta toshe mashigin jirgi,
Da hannu nake ta janyewa.

Wayata a baki nake haskawa,
Yaya na salati tana cizawa.

Tsakiyar gulbi yaro ya faɗo,
Matar nan ce ta yi karɓawa.

Ta yanke cibi da sabuwar reza,
Ta cire ɗankwali ta yi rufawa.

Ya rayu, yana nan yana rarrafe,
Amma jinin da na gani ba na mantawa.

Baƙin da ke zuwa tsibirin Gberefu kallon tsohuwar hanyar cinikin bayi ana sa musu rigar ruwa kafin su hau jirgi. Mu mun haye mu biyar, har da jariri, babu ko ɗaya. Ni a ba mu ungozoma mai kwana, da fitila mai aiki da hasken rana, da jirgi ɗaya da mai a cikinsa. Ƙanƙarar Inna ta biyo baya.

Hajiya Asabe mai banda:
'Yata, kin sa na ajiye wuƙa.

Na janye kwandona na ba ki gaba,
Kifi ya ruɓe a sake sayowa.

Alhaji Bala na Agege:
Allah ya raya yaron. Ban sauka daga maganata ba, amma in ya yarda ya sa hannu a takarda, ku turo mini hotonta, ni zan riƙa tuna masa.

Baba Ɗanjuma mai kwakwa:
To madalla. Saura tambaya mai ɗaci, don da rajistar INEC ake wannan zaɓen.

Kafin mu ɗaga murya ran Alhamis,
Wa ke da katin dangwalawa?

Ɗan takara ya iya ƙirga,
Ya san zangon da ba ya fitowa.

Mu ci a Ikko, mu sha a Ikko,
Katin ko na can a Arewa.

Nura ɗan acaɓa:
Baba kun kama ni. Nawa na Funtuwa ne, shekara shida ina cewa zan mayar da shi nan.

Na ci goro biyu ban musa ba,
Wannan karon ba ni da tsayawa.

Amma babur ɗina na nan kyauta,
Duk mai kati ni ke kaiwa.

Zainabu 'yar tsallake:
Nawa na nan, na Yaya ma. Matar masuncin ta ce in za a yi maganar ungozoma za ta zo da matan unguwarsu, sai dai a yi da Yarbanci ko Egun don su ji.

Baba Ɗanjuma mai kwakwa:
Su zo, tabarma ta ishe mu. Malam Iro, ku rubuta uku kawai: ungozoma da jirginta, kwalbati, ban ɗakin kasuwa. Kwafi biyu, ɗaya da boko ɗaya da ajami, a bar wurin sa hannu da kwanan wata a ƙasa. Zainabu ce za ta karanta, ta kuma fassara. Nura, ka ɗauko Hajiya ƙarfe uku.

Hajiya Asabe mai banda:
Ya zo uku da rabi, sai na juya kifi. Kuma ya biyo ta hanyar masallaci, ni ba zan hau katakon nan ba.