Musayar Waƙa: Boko Ke Kashe Basirar Yaro?

Ɗan Maƙera:
Jama'a ga tambaya, ku ba ni amsa,
Wa ya kai jinjiri aji don ya koyi tsayuwa?
Kafin ya cika huɗu Hausa ta zauna a bakinsa,
Ba allo, ba bulala, ba jarrabawa.
Yaron maƙera yana zuga, idonsa kan wuta,
Ƙarfe na yin ja ya san lokacin bugawa.
Ku kai shi firamare, ku dawo bayan shekara biyu,
Bakin tambaya ya mutu, saura na maimaitawa.

Malama:
Yaya Ɗan Maƙera, zancenka da daɗin ji,
Amma ka gama abu biyu da ba sa gamuwa.
Magana halitta ce, duk inda ɗa ya faɗo zai yi,
Rubutu ƙirƙira ne, sai an zauna ana nunawa.
Ajiye masa littafi shekara goma shi kaɗai,
Ba baƙin da zai ɗauko ya hau karantawa.
Yaron maƙerar ma ai ba shi kaɗai ba ne,
Ubansa na gefe, hannunsa yake gyarawa.

Ɗan Maƙera:
To Malama, in koyarwa duk ɗaya ce,
Me ya sa a maƙera surutu, a ajinku sai zugum da hamma da gyangyaɗawa?

Kawu Tsohon Hedimasta:
'Ya'yana ku dakata, ku ji ta bakin tsoho.
A 1909 Bature Hanns Vischer, mai laƙabin Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa.
Can Kano, da Hausa aka riƙa darasi,
Har da sashen sana'ar hannu ake koyarwa.
A 1976 aka ce firamare kyauta ga kowa,
Yara suka cika aji, malamai suka yi ƙarancin samuwa.
A Ife kuma, tun 1970, an gwada wata hanya,
Jagoranta Farfesa Babs Fafunwa.
Shekara shida da Yarbanci ake koya wa yara,
Suka fi 'yan ajin Turanci ganewa.
Don haka ɗana, ka gyara ƙarar da ka shigar,
Hadda da baƙon harshe ya kamata a kai tuhumawa.

Malama:
Kawu ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi.
Akwai 'yar tallan ƙosai a ajina, kullum tana ɓuya a bayan ƙawa.
Na rubuta lissafi da Turanci, ta sunkuyar da kai,
Na ce: an ba ki ɗari biyar, an sayi na ɗari uku da hamsin, nawa za ki mayar wa?
Ban rufe baki ba ta ce ɗari da hamsin,
Har da harara, wai wannan ma abin tambayawa?

Ɗan Maƙera:
Kin ga! Tire ne ya koya mata, Malama.
Hujjata kika ɗauko kina ƙarfafawa.

Malama:
Tire ya ba ta canji, na yarda Yaya,
Takardar magani fa, wa zai koya mata dubawa?