Na koma Texas wata huɗu da suka wuce, zan iya shigar da ƙarar raba aure a nan?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum. An ɗaura mana aure a birnin New York, muka zauna can shekara tara, sannan zama ya ƙi daɗi, na kwaso yarana biyu muka dawo Houston wata huɗu da suka wuce, maigidan kuma yana can har yanzu. Na je neman takardun shigar da ƙara, sai aka ce mini ban cika sharaɗin zama ba. Ina roƙon wanda ya san dokar ya yi mini bayani, domin na ɗauka cewa tunda ina da takardar haya da aiki a nan, magana ta ƙare.

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Allah ya kawo sauƙi. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, domin a Amurka kowace jiha ce ke tsara dokar aurenta. Texas tana buƙatar ɗaya daga cikin ma'auratan ya yi wata 6 yana zaune a jihar, ya kuma yi kwana 90 a gundumar da za a shigar da ƙarar. Kin cika na gunduma, saura wata biyu ki cika na jiha. Bayan an shigar ma, kotu ba ta raba auren sai an yi aƙalla kwana 60, in ban da wasu shari'o'in cin zarafi a gida. Ki adana takardar hayar da lasisin tuƙi da takardun albashi, su ne hujjarki ta ranar da kika fara zama.

Hajiya Ta Bronx:
'Yar'uwa, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ni abin da ya fi damuna shi ne yaran. A dokar da jihohin biyu ke bi game da riƙon yara, hurumi yana hannun jihar da yaro ya yi wata 6 a jere kafin a shigar da ƙara. Tunda yaranki ba su cika wannan ba a Texas, kuma mahaifinsu yana New York, idan ya riga ki zuwa kotu cikin wata biyun nan, can za a yi shari'ar riƙonsu, ko da daga baya kin cika sharaɗin Texas. Ki kuma sani cewa ƙofar New York a buɗe take gare ki tun yau, domin idan a jihar aka ɗaura aure, ya isa ɗayanku ya yi shekara ɗaya a jere yana zaune a cikinta, kuma mijinki ya cika wannan.

Maman Sadiya:
Na gode, Hajiya. Wata ta ba ni shawarar in tafi jihar Nevada, wai zaman mako 6 kawai ake buƙata.

Abu Hafsat:
Mako 6 ɗin gaskiya ne, amma ban ba ki wannan shawara ba. Nevada tana neman wani mazaunin jihar ya yi rantsuwa a rubuce cewa a can kike zaune, kuma tun 1945, a shari'ar Williams da jihar North Carolina, Kotun Ƙolin Amurka ta yarda wata jiha ta ƙi amincewa da sakin da aka samu ta hanyar zaman da ba na gaskiya ba. Ko a Texas ɗin ma, kotu tana iya raba auren, amma ba lallai ba ne ta sami ikon tilasta wa mijin da bai taɓa zama a jihar ba biyan kuɗin ciyar da ke, ko ta raba kadarar da ke New York. Don haka kafin ki zaɓi jira, ki zauna da lauyan harkokin iyali a wannan makon, ki kai masa ranar da yaran suka bar New York da jerin abin da kuka mallaka a can.