Tambaya ga dattawan da suka tashi a tsohuwar Makka

Jikan Jarwal ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayena da yayyena, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. A Makka aka haife ni, amma a unguwar Shara'i da ke bayan gari na girma, domin iyayena sun koma can tun ina goye. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan unguwar Jarwal ne. Mahaifinsa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya bi ta Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid, ya yada zango a Jazira ta ƙasar Sudan yana aikin auduga har ya tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda bayan shekara bakwai a hanya. Baba ya kasance idan ya zauna bayan sallar isha sai ya kama hirar unguwarsu, ni kuwa ƙuruciya ta sa ban riƙe komai ba sai gutsattsari. Bara ya rasu, gidan da aka haife shi ma tuni aka rushe. Yanzu ga ni da 'ya'ya biyu suna tambayata inda kakansu ya tashi, ba ni da abin da zan nuna musu.

Ina roƙon waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu su ba mu labarin yadda aka yi rayuwa a garin nan kafin wutar lantarki da famfo su wadata: yadda ake samun ruwa, yadda ake jure zafi, da yadda Harami yake a wurin yaron unguwa. Kuma ina so a faɗa mini gaskiya, shin rayuwar ce ta fi ta yanzu daɗi, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai take sa dattawa yabon ta?

Tsohon Misfala ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ni na haura saba'in, kuma duk rayuwata a kwarin nan na yi ta, saboda haka bari in fara maka da ruwa, domin wanda bai san wahalar ruwa ba bai san tsohuwar Makka ba.

Garin nan kwari ne marar shuka, kamar yadda Annabi Ibrahim ya ambata a addu'arsa, duwatsu baƙaƙe sun kewaye shi, da rani kuwa zafi yakan wuce maki 45. Ruwan da muka sha muna yara mafi yawansa na Ainu Zubaida ne, magudanar da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina daga Wadi Nu'uman, bayan Arfa, fiye da shekara dubu da suka wuce. Ruwan yana zuwa wasu matattara a cikin unguwanni da ake kira bazan, daga nan sai 'yan garuwa, waɗanda Larabawa suke kira sakka, su ɗauka zuwa gidaje. Garwa biyu ake ratayawa a sanda a saɓa a kafaɗa, ana kiran ɗauka ɗaya zafa. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a mutanenmu ne, mahaifina ma ya yi ta shekaru, kuma har ya bar duniya akwai kanta a kafaɗarsa ta dama. Gidan da yake kan dutse kuɗin zafarsa ya fi na gidan da yake ƙasa, domin sai an hau matattakala masu yawa kafin a kai. Idan ruwan ya iso sai a juye a randa, iyayenmu mata su turara tulu da ƙaron mastika su ajiye shi inda iska take bi, kuma har yau ban sha ruwan firji da ya kai wancan ƙamshi ba. Ruwan da aka yi alwala da shi ba a zubarwa haka kawai, ana yayyafa shi a tsakar gida don ƙasa ta huce.

Da dare babu mai kwana a ɗaki. Bayan magariba ake yayyafa wa saman bene ruwa, a shimfiɗa tabarmi, a kunna fitilar ƙwai, masu hali kuma su kunna itirik, fitilar da ake yi wa famfo mai haske sosai. Maƙwabta suna jin muryar juna daga bene zuwa bene, wanda ɗansa ya kwana da zazzaɓi kafin asuba duk layin ya sani. Masu kuɗi sukan hau Ɗa'if su yi rani a can, mu kuwa beninmu shi ne Ɗa'if ɗinmu.

Abin mamaki, garin da ake ƙishirwa shi ne kuma ruwa yake cinyewa idan sama ta buɗe. Unguwarmu ita ce gangaren gari, ma'anar sunanta ke nan, duk ruwan da ya taso daga Ma'ala ta Wadi Ibrahim a kanmu yake ƙarewa. A farkon 1969 ina saurayi aka yi ambaliyar da ta cika Harami, ta kwashi motoci da kayan shaguna, muka yi kwanaki muna kwasar laka tare da ma'aikata. Dattawanmu suka ce ta 1941 ta fi ta, wadda har wasu suka yi ɗawafi da iyo.

Game da Harami kuwa, ɗana, shi ne tsakar gidanmu. Daga ƙofarmu idan an kira salla muna tafiya a ƙafa mu sami raka'ar farko. Filin tsakiya tsakuwa ce da hanyoyi da aka daɓe, tattabaru suna sauka, ana watsa musu hatsi. Da azahar sai ka yi sauri a kan dutsen daɓen don kada ya ƙona maka tafin ƙafa, domin farin marmaran nan mai sanyi sai zamanin Sarki Khalid aka shimfiɗa shi. Bayan magariba kowane ginshiƙi da halkar karatu, kuma na zauna a gefen halkar Sayyid Alawi Maliki kafin rasuwarsa a 1971, ko da yake a lokacin abin da nake fahimta kaɗan ne. Masu zamzam suna zagayawa da tulunan ƙasa masu tsinin gindi suna shayar da mutane. Wannan kusanci shi ne abin da nake kewa fiye da komai. Yanzu daga inda nake zaune sai na nemi mota, na yi dogon zagaye, sannan na ratsa ƙarƙashin otal-otal kafin in hango Ka'aba.

Hajiya 'yar Hindawiyya ta amsa:

Ɗana, duk abin da Yaya na Misfala ya faɗa gaskiya ne, amma tunda ka ce a faɗa maka gaskiya, bari in ƙara da ɓangaren mata, domin mu ne muka sha zafin murhu a cikin wancan zafi. Ba kowa ne yake da kuɗin zafa kullum ba. Ni da ƙannena mun ɗauki ruwa a ka daga bazan muka hau dutse da shi, kuma unguwannin mutanenmu su ne na ƙarshe da wuta da famfo suka iso. Gidaje da yawa na langa-langa ne da katako, idan gobara ta tashi ba ta tsayawa a gida ɗaya. Akwai kuma 'yan'uwanmu da aka haifa a nan amma ba su da igama, wato takardar izinin zama, waɗanda 'ya'yansu ba su sami shiga makaranta ba, kuma kullum cikin fargabar tarhil suke, wato a kore su daga ƙasar. Wanda ya ce duk daɗi ne ya manta da waɗannan. Ni dai ba zan so jikokina su ɗauki ruwan da na ɗauka ba, kuma na gode wa Allah da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ruwan da ake tacewa daga teku a Shu'aiba.

Amma akwai abin da ba zan taɓa mantawa ba, wato ranar Arfa. Maza duk sun tafi, wasu aikin hajji, wasu hidimar alhazai a wurin muɗawwifai, wato masu yi wa alhazai jagora, gari ya zama na mata da yara. Ranar ce mutanen Makka suke kira yaumul khulaif. Tun da hantsi muke ɗaukar tabarma da gahawa da ma'amul mu nufi Harami, mu yi ɗawafi babu turereniya, mu taɓa Hajarul Aswad, mu zauna har mu sha ruwa a can da magariba. A ranar kuma ake sauya rigar Ka'aba, muna kallo da idonmu, al'adar da sai a 2022 aka mayar da ita ɗaya ga Muharram.

Lokacin hajji kuma shi ne kakarmu. Mahaifiyata takan tuƙa tuwo da miyar kuka, ta dama fura da kunu, mu kai masaukin alhazan Najeriya da Nijar, waɗanda cikinsu ya gaji da shinkafar Larabawa. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da goro a kasuwar Hush Bakar muke sayo su, a titin Shara Mansur. Alhazan su ne gidan wayarmu: su kawo wasiƙa ko kaset daga dangin da ba mu taɓa gani ba, mu kuma mu aika da dabino da zamzam da turare. Abin da aka tara a wata biyun nan da shi ake aurar da yarinya. Gidanmu ya tafi a aikin babban titin Sarki Abdul'aziz da ya ratsa Hindawiyya da Tandabawi. Masu takardar mallaka sun karɓi diyya, amma matan da muka tashi tare sun watse, wata a Shara'i, wata a Jidda, wata an mayar da ita Kano, garin da ba ta taɓa gani ba. Yanzu sai biki ko rasuwa suke haɗa mu.

Malamin Shara Mansur ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ni ƙaninsu ne a shekaru, ina aji huɗu na firamare lokacin da 'yan bindiga suka mamaye Harami da asubar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979. Mako biyu aka yi ba a ɗawafi, muna jin ƙarar harbi daga gida, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin dattawa suna kuka saboda lokacin salla ya yi amma ba a ji kira daga hasumiyoyin ba.

Azumi kuwa da igwa muke shan ruwa. A kan dutsen da ke saman Jarwal take, shi ya sa ake kiransa Jabalul Madafi, kuma mu yara mukan hau bene mu zuba ido, mu ga hayaƙi kafin ƙarar ta iso. A ƙasa ga masu sobiya da balila da sambusa, ga layin ful da tamis, ga kuma masu tsirenmu, wanda ya shiga bakin Larabawan Hijaz har suke kiransa siriya. A shekarun 1980 mun yi asham a bayan Shaikh Ali Jabir, kuma wanda ya ji wannan murya a filin Harami ya san abin da nake nufi. Da salla ko daren biki sai a hura wuta a tsakiyar fili a yi wasan mizmar da sanduna, umda, wato mai unguwa, yana zaune a mirkaz ɗinsa, wato dandalin zamansa, tare da dattawa, kuma a wurin nan ake sasanta rigima kafin ta kai ga hukuma.

Ɗan'uwa, ni abin da yake damuna shi ne harshe. Ganuwar Ajyad ta tafi a 2002, unguwar Shamiyya ta bi bayanta a 2008 saboda faɗaɗa Harami, kuma alhazan da suke zuwa yanzu ba za su shiga tsohon masallacin ba ko da an so, wannan na yarda da shi. Amma a unguwa yaro yana jin Hausa a lungu da kasuwa da makarantar allo ba tare da kowa ya koya masa ba. Yanzu da muka warwatsu a gidajen haya, akwai samari masu sunan Hausawi a katinsu da ba sa iya amsa gaisuwar kakarsu. Ina ba ka shawara ka ɗauki wayarka ka zauna da duk wata tsohuwa da ta rage a danginku, ka naɗi muryarta da Hausa, ka tambaye ta sunayen maƙwabta gida-gida.

Jikan Jarwal ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Hajiya da Malam. Na karanta wa mahaifiyata amsoshinku, da na zo kan zancen ranar Arfa sai ta share hawaye ta ce haka aka yi. Akwai goggona a Jidda, yayar Baba, kuma in Allah ya yarda ranar Juma'a zan je wurinta da waya kamar yadda Malam ya ce. Saura abu ɗaya. Baba ya sha faɗa cewa daga gidansu ana ganin hayaƙin igwa, kuma akwai wata tsohuwar rijiya kusa da su. Ko akwai wata alama da ta rage da zan kai yarana su gani?

Tsohon Misfala ya sake amsawa:

Rijiyar da mahaifinka yake nufi ita ce Bi'iru Ɗuwa, ɗana, a wurin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwana kuma ya yi wanka kafin ya shiga Makka. Gidajen da suka kewaye ta sun tafi, amma ita an bar ta da ɗan gininta, a rufe. Ka je da sassafe kafin rana ta ɗaga, ka tsaya a wurin ka duba duwatsun da ke sama, ka nuna wa yaran. Idan goggonka tana da ƙarfin tafiya ka ɗauko ta daga Jidda ku je tare, domin ita daga bakin rijiyar za ta iya ƙirga muku taku har zuwa inda ƙofar gidansu take.