Kan rago da ƙahoninsa: yaya ake gyara shi don ado?

Ɗan Sabongari: Assalamu alaikum. Ina son in gyara ƙoƙon kan ragon Uda mai manyan ƙahoni in rataya a zaure, ƙashin ya yi fari, ba wari. Na ga Turawa na yi da kan barewar ƙasarsu, har da gashi mai laushi a ƙahon. Hanyar ɗaya ce?

Baban Hadiza: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ce, ƙanena. Ƙahon barewar Turai ƙashi ne zalla, yana faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro. Sa'ad da yake tsirowa fata ce mai jijiyoyin jini ta rufe shi, shi ne gashin da ka gani. Zafi ko kwana guda a waje na sa ta saɓule, don haka suke daskarar da ita ko su yi mata allurar maganin hana ruɓa. Na rago kuwa kube ne, irin farce, a kan ƙashi. Kuben nan sai ya fita, don akwai nama da jini a tsakani, kuma daga nan wari ke tasowa.

Da farko hana mahauci babbaka kan, wuta na ƙona ƙaho. A feɗe fata, a cire idanu, harshe da muƙamuƙin ƙasa. Lanƙwasa bakin waya ka zura ta ramin ƙeya, ka dama ƙwaƙwalwa, ka ɗauraye. Ɗaure kan a leda da ɗan ruwa, ka ajiye a inuwa inda kare ba zai kai ba. A zafin Maradi kwana 4 zuwa 7 ya isa. Bubbuga gindin ƙahon da itace, ka murɗa, zai zare. Yi wa na dama alama.

Na Tasawa: Maganar Baban Hadiza haka take. Bayan ka zare ƙahonin, sai ka dafa ƙoƙon kan a ruwa. Abin da ke ɓata aikin yawanci tafasa ce. Ruwan ya yi zafi yana ɗan motsi kawai, awa 1 zuwa 2, da cokali biyu na Omo a lita 10. In ya tafasa sosai, haƙora su zube, ƙasusuwan hanci su rabu, kitse ya shige cikin ƙashi. Kankare sauran nama, ka yanke rabin ƙashin cikin ƙahon da zarto ka wanke kogonsa. Sannan jiƙa a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanoni, kana canzawa bayan kwana biyu, kamar mako biyu. Rago akwai maiƙo. Wanda ya tsallake wannan, tabon rawaya zai fito masa bayan watanni.

Don fari, jiƙa ƙoƙon a ruwan oksijene na farmasi (na wanke ciwo, wato hydrogen peroxide), mai kashi 3 cikin ɗari, kwana ɗaya ko biyu. Kada ya taɓa ƙahon. Ruwan Javel (bilicin wanki) kuwa ko kusa, yana mayar da ƙashi kamar alli.

Baban Hadiza: Na manta: wanke cikin kuben, ka riƙa mayar da shi mazauninsa yana bushewa, in ba haka ba ya tsuke ya ƙi shiga. Sai komai ya bushe a inuwa za ka manna da gam. Kuma a tsaya kan rago da sa. Barewar gandun dajin Gadabeji dai doka ta kare ta.

Ɗan Sabongari: Na gode, Allah ya saka. Bari in nemi waya da leda.