Daga digirin Turanci zuwa lasisin koyarwa: abin da aka ce

An yi doguwar muhawara kan yadda mai digirin Turanci zai samu lasisin koyarwa a Najeriya. Ga abin da na tsinto daga cikinta:

1. Baki ya zo ɗaya cewa digirin Turanci kaɗai ba ya kai mutum ga lasisin TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta Najeriya. Sai ya ƙara PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kimanin shekara guda, har da shiga aji koyarwar gwaji. Mai digirin fannin ilimi ya huta da wannan.

2. Sai jarrabawar TRCN a kwamfuta. TRCN tana kasa malamai rukuni-rukuni bisa takardun karatunsu; masu digirin farko suna rukunin C. Wasu sun ce rashin sabo da kwamfutar ya fi tambayoyin ba su wuya.

3. Inda aka rabu: a ina za a yi PGDE ɗin, a NTI (cibiyar horar da malamai ta ƙasa) ko a jami'a? Ma'aikata sun fi son NTI saboda karatun ƙarshen mako. Wasu suka dage kan jami'a, musamman ga mai niyyar digiri na biyu. Ni ma can na karkata.