Ɗan koyo ya dawo daga biki da hotuna dishi-dishi: me kuke fara dubawa?

Mai Hoto na Agege

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a sana'a. Akwai abin da ya zama ruwan dare a tsakaninmu a nan Legas. Yaro ya fara koyo, ya samu aikin suna ko walima a Mile 12 ko Alaba Rago, ya dawo da hoto ɗari uku, rabinsu dishi-dishi, fuskar amarya ta yi duhu, babbar rigar ango ta ƙone fari fat. In ya nuna wa na gaba da shi, amsar ba ta wuce biyu: ko "kyamararka ce ba ta da kyau", ko "ai kai da sauranka". Ta farko tana tura shi Ikeja ya ci bashin abin da bai buƙata, ta biyu kuma tana sa ya daina nuna wa kowa aikinsa. Don Allah kowa ya faɗi abin da yake dubawa in an miƙo masa irin wannan hoto, da abin da yake gaya wa yaron. Da lambobi nake so, ba "ka ƙara ƙoƙari" ba.

Baba Mai Situdiyo, Idi-Araba

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kafin a ce uffan, a nemi ainihin hoton daga katin memori. Kowane hoto yana ɗauke da shaidarsa a cikinsa: saurin shata (ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga ta rufe), buɗin lens (lambar f, ƙaramar lamba babban buɗi), ISO (yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da ta samu), tsawon lens, da ko filasha ta tashi. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, an kuma share wannan bayani. Sai ya turo a matsayin fayil. Duk wanda ya yanke hukunci bai ga waɗannan lambobi ba, duba yake yi irin na boka.

Dishi-dishi kuma iri uku ne, maganinsu ba ɗaya ba. A zuƙo hoton a kwamfuta a duba. In komai ya gurɓace, har bango da kujeru, hannun mai ɗauka ne ya girgiza. In bango ya fito tsaf amma mutane sun ja wutsiya, su ne suka motsa. In kuwa labulen da ke bayan amarya ya fito rangaɗau, ana iya ƙirga zarensa, ita kuma idonta ya narke, to fokas ne ya sauka a inda ba a aike shi ba.

Na farko da na biyu duk laifin shata ne. Yawancin yaranmu da irin Canon 600D suke farawa, da lens ɗin 18-55 da take zuwa da shi. In ya zuƙo zuwa 55, lens ɗin ba ya buɗewa fiye da f/5.6, haske kaɗan ke shiga, sai kyamara ta sauke shata da kanta zuwa 1/30 ko 1/15 na daƙiƙa don ta cike giɓin. A irin wannan kyamara ana ninka tsawon lens da 1.6, wato 55 ya zama kamar 88, saboda haka ko dutse za ka ɗauka da hannu kada ka sauka ƙasa da 1/100. Mutane a tsaye suna gaisawa, 1/160. Ana rawa ana liƙi babu filasha, 1/250 zuwa sama. Abin da nake gaya wa yaro shi ne ya ɗaure shata a nan, ya bar ISO ya hau 1600, ko ma 3200. Hoto mai yashi-yashi ana gyara shi a sayar, mai dishi-dishi kuwa sai kwandon shara.

Ƙanin Kowa

Baba, Allah ya ƙara girma. To amma ana yawan ce mana mu sayi lens ɗin 50mm f/1.8 matsala ta ƙare. Gaskiya ne?

Baba Mai Situdiyo, Idi-Araba

Rabin gaskiya ce, kuma rabin da ake ɓoyewa shi ke cizo. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki goma, wannan haka yake. Amma in ka buɗe shi duka kana mita biyu da mutum, faɗin wurin da zai fito tsaf bai wuce santimita 11 ba, bai kai tsawon wayar hannunka ba. Ango ya ɗan matsa baya da amarya, ya fita. Mutum ɗaya, ɗora fokas a idon da ya fi kusa da kai, ka tsaya a f/2.2 ko f/2.8. Mutum biyu, f/4. Dangi sun jeru sahu biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, ka ɗora fokas a sahun gaba. Sannan 50 a wannan kyamara kamar 80 ne, a falon gidan haya na Agege bango zai tare ka kafin mutum huɗu su shiga.

Hajiya Mai Hoton Amare, Obalende

Sannu da ƙoƙari, Baba. Ni bari in taɓa maganar fuska da riga, don nan ne ake yi wa yara dariya ba a gaya musu dalili.

Ma'aunin hasken kyamara ba ya sanin shadda. Duk abin da ya cika masa ido yana so ya mayar da shi toka-toka. Ango da abokansa shida sun sha farar shadda, kyamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, rigunan suka zama ruwan toka, fuskoki kuma da ma baƙaƙe ne, suka nutse. Maganin shi ne a ƙara mata haske da hannu, +2/3 ko +1, a kunna alamar nan da ke ƙyaftawa a allo inda fari ya ƙone. In aikin wuyan riga ya fara ƙyaftawa, an wuce gona da iri, a ɗan dawo. Wanda kuma ya ga riga ta ƙone fuska ta yi duhu a hoto guda, rana ce ta tsaka, babu lambar da za ta raba wannan gardama. A janye mutane zuwa inuwar gini, ko a juya musu baya ga rana a cike fuska da filasha kaɗan.

Sai rumfa. Daurin aure a bakin titi ƙarƙashin kanofi shuɗi ko ja, launin tamfol ɗin yana zuba a fuskar kowa, malam ya fito kamar mara lafiya. A ce wa yaro ya jawo mutum zuwa bakin rumfar, fuskarsa na kallon waje. A ɗakin taro ma haka: ana koya musu "ka harba filasha sama", ba a ce musu su ɗaga kai su duba silin ba. In an lulluɓe shi da yadi ruwan hoda, ruwan hoda zai dawo. In ya yi tsawo sosai, hasken ba ya dawowa. A nan sai a ɗaura farin kati a bayan kan filashar da roba. Kuma a tuna haske yana mutuwa da sauri: wanda ke mita huɗu kashi ɗaya cikin huɗu yake samu na abin da mai mita biyu ya samu. Shi ya sa uwar amarya a gaba take walƙiya, gwaggo a baya sai haƙora.

Abu na ƙarshe, ba na kyamara ba ne. Wajen kamu da sa lalle ba kowace mace ke son a ɗauke ta ba, wata mayafinta ya zame. Yaro ya nemi babbar ƙawar amarya ko gwaggonta tun da farko, ta nuna masa wanda za a ɗauka da wanda za a bari, kuma kada ya ɗora hoton kowa a Instagram sai masu biki sun yarda. Wanda bai koya wa yaronsa wannan ba bai koya masa komai ba.

Injiniya na Ikeja

Ranka ya daɗe Baba, ban ƙi taka ba, amma kada mu wanke kayan aiki tas. Wani lokacin da gaske lens ɗin ne, musamman na hannu. Legas gari ne na raɓa, a watan Yuni da Yuli ko takalmi ka ajiye a ɗaki sai ya yi fumfuna. A cire lens, a buɗe shi duka, a haska tocilan waya ta baya a leƙa ta gaba. In an ga zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, kuma hoto zai riƙa fita kamar an ɗauka cikin hazo, ya fi muni in ana fuskantar haske. Ajiya: roba mai murfi da iska ba ta shiga, da ƙullin silika mai tsotse raɓa a ciki, da ɗan ma'aunin raɓa, a riƙe shi tsakanin 40 da 50 cikin ɗari. Jakar kyamara a cikin wadrob ita ce gonar fumfuna.

Akwai kuma hazo na ɗan lokaci. An fito daga mota ko ɗakin taro mai esi zuwa waje, gilashi ya yi gumi nan take. Kada a goge da gefen riga. A bar kyamarar cikin jaka a rufe kamar minti 15 kafin a fito da ita.

In har sai an sayi ta hannu, a duba adadin bugun shata. Irin su 5D Mark III da Nikon D750 an ƙiyasta musu bugu 150,000. A ɗauki farar takarda a f/16 a ga ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoton, a gwada kowane maɓalli, a sa katinka ba na mai shago ba.

Ɗan Bidiyo na Mile 12

Yaya Injiniya ya tuna min da wani abu da ake ɗora wa kyamara alhali ba ruwanta. Hoto biyu a jere, saiti ɗaya, wannan ya yi kore wancan ya yi rawaya, ko kuma ratsi-ratsi baƙaƙe sun gitta. Wutarmu 50Hz ce, ƙwan fitila mai araha yana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma shata mai sauri tana kamawa. A sauko 1/100 ko 1/50. Masu kyamara mara madubi su kashe shatar nan mara ƙara, ita ta fi jawo ratsin. In ƙaramin janareto ne ke jan wurin, ba ya tsayawa daram a 50, sai a yi gwaji uku a duba kafin ango ya shigo. In kuwa rabin hoton ne ya yi baƙi ƙirin da filasha, an wuce 1/200 ne, iyakar 600D ke nan.

Malam Mai Albam

Duk wannan ana iya gyarawa ko a ba da haƙuri. Abin da ba ya gyaruwa shi ne kati ya mutu da ɗaurin aure a ciki. Jabun kati ya cika kasuwa, an rubuta 128GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, yana cika sai ya fara taka na farko. Sabon kati a gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta kafin ya ga biki. Gara kati biyu masu 32GB da guda mai 128, tunda mai 32 yana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, fiye da dubu a kyamara mai megafiksel 18. A yi fomat a cikin kyamara, ba a kwamfuta ba. Kada a zare kati jar fitila tana ƙyaftawa. A kwafe wuri biyu a daren, kafin a kwanta. In an goge bisa kuskure, a cire katin nan take, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kai, manhajar PhotoRec ko Recuva sukan dawo da mafi yawa.

Baba Mai Situdiyo, Idi-Araba

Madalla. Saura yadda ake faɗa, don mu manya nan muke ɓata rawarmu da tsalle. Kada a zazzage wa yaro laifi goma a zama ɗaya, ba zai riƙe ko ɗaya ba. A zaɓi wanda ya fi ɓata aikin, a nuna masa lambar, a ba shi kyamara ya maimaita a tsakar shago har ya gani da idonsa. Kuma ba a gaban mai biki ba. Yaro ya bi oga biki biyar ko shida yana riƙe filasha yana ɗaukar baƙi, a biya shi kuɗin mota da na aikinsa, kafin a sake shi shi kaɗai. Masu cewa sai da babbar kyamara, su tuna J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson mata suka zaga duniya daga garin nan. Da ƙaramar Brownie ya fara a 1950.

Hajiya Mai Hoton Amare, Obalende

Baba, a ƙara da wannan tunda Malam Mai Albam yana nan. Kyamara tana ɗauka a ma'aunin 3 da 2, wanda ya yi daidai da hoto mai inci 4x6. Amma mai biki 8x10 yake so ya sa a firam, shi kuma dole a datse tsawon hoton. Yaro ya cika firam taf, sai wajen wanki a yanke saman ɗankwalin amarya ko hular ango. Ya bar sarari sama da ƙasa tun wajen ɗauka.

Malam Mai Albam

Haka ne, Hajiya. Kuma 8x10 yana son 2400 da 3000 na fiksel in ana so ya fito tsaf. Wanda aka sauke daga WhatsApp galibi ba ya kaiwa, ya kawo na kati.